Kududdufin Da Duba-Gari Ya Cike

A shekarar da aka samu mulkin kai, En'e ta turo Malam Abdulƙadiri Tambuwal a matsayin duba-gari. Ya zo da farin kaki, da keke, da wani littafi na makarantar tsabta wanda aka zana sauro a cikinsa ya kai girman ɗan akuya. Tun da ya ga hoton nan bai ƙara wuce ruwa kwance da kwanciyar hankali ba.

A bayan unguwar da ya sauka akwai kududdufi, tsohon ramin da kakanni suka bari wajen ɗibar ƙasar gini. Da damina ruwan kowace rariya ta unguwar can yake gangarawa. Malam ya dube shi, bai ga komai ba sai matattarar sauro. Ya sa aka yi shela: kowa ya kai shararsa da tokarsa ya zuba a ramin. Mutane ba su taɓa jin dokar En'e mai daɗin bi kamar wannan ba. Kafin bazara rami ya shafe, har Na'iya mahauci ya kafa tukubar tsire a kai.

Inno, tsohuwar da ke kawo musu nono daga rugar da ke wajen Jabo, ta sauke ƙwarya a ƙofar gidansa.

"Malam, ina kunka kai ramin ga?"

"Mun rufe shi, Inno. Ilimi ya zo."

"To, kun gaya ma ruwa? Shi dai ban ji an sa shi makaranta ba."

Malam ya yi murmushi irin na wanda ya ci jarrabawa.

Gidansa shi ne na ƙarshe a gangare. A tsakar gidan akwai rumbu cike da geron da surukinsa ya aiko daga Fakku, abincinsu na shekara, shi da matarsa Marka da yara biyar.

Da damina ta kama, ran wata Juma'a, ana saukowa daga masallaci, sama ta ɓalle. Ruwa ya nufi inda ya saba, ya tarar da tukuba. Ya zagaya, ya bi lungu, ya shiga gidan duba-gari ta rariyar da aka yi domin ya riƙa fita.

Marka ta leƙo zaure, zani a tattare. "Malam, baƙonka ya iso. Shina gindin rumbu, shina cigiyar mai gida."

Ya leƙa. Ruwa ya haye duwatsun da rumbun ke kai, ya fara lasar laka. In gindin ya jiƙa, rumbu zai zauna, gero ya bi lungu. Malam ya suri galma, ya fita da farin kakinsa, ya hau jujin da aka cike ramin da shi ya kama haƙa. Maƙwabta na tsaye a zaurukansu suna kallon ma'aikacin gwamnati yana tonon toka.

"Ranka shi daɗe," in ji Na'iya, "doka ta sake ne?"

"Ta sake. Ɗauke tukubarka, ka ɗauko magirbi."

"A rubuce ko da baki?"

"Na'iya, gerona na cikin ruwa."

Jin gero, kowa ya fito. Kafin la'asar sakaliya sun buɗe bakin ramin, ruwa ya juyo yana kwarara cikin tsohon gidansa. Rumbu ya tsira da jiƙon tafi ɗaya. Katangar baya ce ta kwanta.

Da kaka ta yi, sai gyaran katanga, gyara kuwa sai da ƙasa. Magina suka ce babu ƙasar kirki sai ta gefen ramin nan. Malam ya tsaya da kansa aka yi ta ɗiba, har kududdufi ya fi dā faɗi. A rahotonsa ya rubuta cewa an faɗaɗa ma'ajiyar ruwan unguwa bisa shawarar masana.

Da Inno ta dawo da nono ta tsaya ta daɗe tana duban ramin.

"Sauron hwa, Malam?"

Ya kai wa wuyansa mari, ya duba tafinsa. "Muna tattaunawa," ya ce. "Auna mini ludayi biyu."