Baƙin da Ba Su da Inuwa

A gidansu ba a yi wa baƙo inuwa. Kakanta ne ya fara, mahaifinta ya gada. Dukansu masu zane ne, masu rubuta allon shaguna da yi wa masu hali hoton ratayewa a falo. Idan suka zana ɗan gari, sai su shimfiɗa masa inuwa a ƙarƙashin ƙafa, baƙa, mai nauyi. Idan mutumin wata ƙasa ne, sai su bar wurin fili. Kakan ya ce wai inuwa ce ke riƙe mutum a wuri, shi kuwa baƙo tafiya zai yi.

Ta san wannan tun tana yarinya, ta kuma manta. Shekara goma sha ɗaya ta yi a waje, ta karanci tarihin zane, ta sami aiki a wani gidan adana hotuna. Yanzu ta dawo da akwati biyu da hutun wata ɗaya. Tun a bakin ƙofa gwaggonta, ƙanwar mahaifinta, ta raɗa mata suna 'Yar Jirgi.

A rana ta huɗu ta shiga ɗakin zane da ke bayan gida. Ba abin da ya sake. Gwangwanayen fenti a jere, burusa a jiƙe cikin kwalbar kananzir, taga ɗaya tana zubo haske a kan benci. A jikin bango ga baƙin Kaka a jingine, waɗanda ba wanda ya saya. Matuƙin jirgin ruwa mai gashi ja kamar garwashi, hanci kamar bakin buta, idanu irin na kyanwa. Wani ɗan kasuwa da aka ja wa layi biyu a madadin idanu. Wata mace da lema, ƙugunta bai fi na zanzaro ba. Kaka bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, a bakin direbobi ya ji labarinsu. Dukansu suna tsaye ne a kan iska.

Ta yi murmushi. A can inda take aiki ta sha ganin masu irin fatarta a tsoffin hotuna, a can gefe, riƙe da faranti ko linzamin dokin wani, an yi musu idanu fari fat. Ta ga taswirori na dā inda aka zana mutanen nesa da kan kare, wasu kuma fuskarsu a ƙirji. Shafi ɗari uku ta rubuta a kan wannan. Ko sau ɗaya ba ta ambaci kakanta ba.

A tsakiyar ɗakin akwai babban allo lulluɓe da zanin gado. Gwaggo ta gaya mata shekara biyu Baba yake kansa, kuma shi ne na ƙarshe, don yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Ta yaye zanin.

Hoton gidansu ne kaf. Marigayiya Inna a kan kujerarta, Baba a bayanta, Gwaggo, yayyenta biyu da matansu da 'ya'yansu. Kowa da inuwarsa, ta karkata hagu. Har kyanwar gidan an yi mata. Ita kuwa tana can ƙarshen dama, cikin ƙatuwar rigar sanyi, ƙafafunta a kan fili.

Ta daɗe tana kallon wurin.

“Wa ya aike ki?” in ji Gwaggo daga bakin ƙofa. “Mayar da zanin kafin mai shi ya zo.”

“Gwaggo, har kyanwa.”

“Ai ita nan take kwana, 'yar nan. Ke kuwa sai dai mu ji ki a waya kamar mai karanta labarai.”

Baba ya shigo yana lalubar bango da hannu ɗaya. Bai tambayi wanda ya buɗe ba. Ya zauna a benci, ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa, waɗanda babu komai a jikinsu.

“Baba, ba ka gama ni ba.”

“Na gama. Daga hoton da kika turo na zana ki. Ƙasa fara fat da ƙanƙara, sama fari fat, ba rana. Ina zan samo inuwa?”

“Inna ma ai ba ta tsaya maka ba.”

“Ta uwarki na san ta. Shekara talatin muna tafiya tare.” Ya naɗe tsumman. “Sauran kowa sai da ya tsaya mini a tsakar gida, da la'asar, lokacin da rana ke sauka bayan tanki. Haka ake yi.”

“To in tsaya yau.”

“Kwana nawa ya rage miki?”

Gwaggo ce ta amsa: “Ashirin da shida. Ta rubuta a jikin kalanda, da jan biro.”

“Ba na yi wa mai tafiya,” in ji Baba. Ba faɗa a muryarsa, kamar wanda ke cewa shuɗin fenti ya ƙare. “Jibi zan shafa masa man ƙyalli. In ya bushe, shi ke nan.”

Suka fita suka bar ta. Ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar benci. Zafin rana da warin kananzir suka taru suka yi mata nauyi a ka. Ƙura tana juyawa a hankali cikin hasken taga. Can sai ta ga matuƙin jirgin ya ɗaga daga jikin allonsa, ya taso kamar hayaƙi, mai lema na biye da shi. Ɗan kasuwan ya buɗe layukan nan biyu, ashe akwai idanu a ciki, masu gajiya. Ta taga kuma wasu suka shigo, masu faranti da masu linzami, da mai fuska a ƙirji yana ta ba da haƙurin ya makara. Suka cika ɗakin, ba wanda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Ta duba nata ƙafafun, ta ga akwai tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu da siminti. Babu tsoro a ciki. Akwai ma daɗi, sai dai ba abin dafawa.

“Yaushe za ka tafi?” ta tambayi matuƙin.

“Ina?” ya ce.

Ta farka wuyanta ya sage. Hasken taga ya hau bango. Matuƙin yana nan inda yake, gizo-gizo ya yi saƙa daga kafaɗarsa zuwa kusurwa.

Ta kinkimo shi ta fito da shi tsakar gida. Baba yana kan tabarma, Gwaggo tana kwashe shanya. Ta jingina allon da tanki.

“Baba, shekara nawa wannan mutumin ya yi a gidan nan?”

Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa fentin. “Ya girme ni.”

“Ba shi da inuwa, ga shi bai je ko'ina ba. Yaya Babba kuwa ka yi masa tasa har da ƙari, rabonsa da gidan nan wata bakwai.”

Gwaggo ta fashe da dariya, ta saki zanin da ke hannunta. “Wallahi ta kama ka, Yaya! Wannan jan kan ma ya fi 'ya'yanka zaman gida.”

Baba bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai wajen rana, wadda ta fara sauka bayan tanki.

“Kin fasa tafiyar?”

“A'a, Baba.”

Ya sauke kai. Sannan ya ce wa Gwaggo ta taya ta fito da babban allon, a haɗo da baƙin fenti da burushi mai faɗi.

“Tsaya can, kusa da magudana. Cire takalmin nan. Kada ki motsa.”

Ta tsaya. Simintin da sauran ɗumi. Inuwarta ta miƙe gabanta, siririya, ta karkata hagu. Baba ya ƙanƙance idon da ya rage masa, bai ga iyakarta ba, sai da Gwaggo ta ɗauko gawayi ta bi gefenta a ƙasa tana mita, wai mutum ya yi karatu har inuwarsa ta rame.

Baba ya fara shafawa. Fentin ya fita daga layi, ya yi kauri a wani wuri, ya tsallake ƙafar kyanwa ya je ya taɓa ƙafar kujerar Inna. Ta ga kuskuren daga inda take. Aikinta ke nan, ganin irin wannan. Ta bar shi ya ci gaba.

“Ke ki je inda za ki,” in ji Baba, bai ɗago ba. “Wannan tana nan. Mu ga maganar kakan naki.”

Ƙafafunta sun fara tsami. Wani ƙuda ya sauka a goshinta, ta ƙyale shi.

“Saura kaɗan,” ya ce. “Na ce kada ki motsa.”