Maitama da Hoton Janar

Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon Maitama, can kusa da tashar mota a Funtua, ya sha labarin Kaduna. A can ya koyi ɗaukar hoto, wurin wani ubangida da 'yan fim da manyan teloli ke layi a ƙofarsa. A can ya koyi yadda ake karkata fitila har hancin mutum ya miƙe, da yadda ake sa yadi mai arha ya yi sheƙi a hoto kamar daga Dubai aka sauke shi. Da ya dawo gida da kyamararsa da fitilunsa, ya ɗauka ba za a jima ba taurari za su fara faka motoci a ƙofar shagonsa.

Waɗanda suka zo ɗin manoma ne masu neman fasfo don rajistar taki, da ɗalibai masu shirin jarrabawa, sai jefi-jefi ango da abokansa. Duk da haka Maitama bai sassauta ba. Dattijo zai shigo da ƙasar gona a ƙafa yana sauri, sai Maitama ya zaunar da shi, ya gyara masa hula, ya ja da baya ya runtse ido ɗaya.

"Baba, ɗan juyo da kafaɗa. Yauwa. Kalli can nesa, kamar kana tunanin wani abu."

"Ai tunanin nake, yaro. Motar ƙauyenmu ta kusa cika."

In ya koma gida da yamma, matarsa Hansai takan tare shi da ruwa da tsokana a tare. "Abban Ummi, yau wane tauraro aka ɗauka?"

"Wani babban mutum daga Ƙarfi."

"Na masara ko na auduga?"

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, damina ta fara zama, sai ga Alhaji Shitu ya yi sallama a shagon. Kawun Hansai ne, mutumin Kafur, kuma a duk yankin an san shi da kiwon raguna. Maitama ya durƙusa ya gaishe shi, ya share masa kujerar da ake zama a yi hoto.

"Malam Maitama, aiki na kawo maka," in ji Alhaji. "An ce yanzu mutanen Abuja a waya suke sayen rago. To, ina da wani balami, Janar muke kiransa, ban taɓa kiwon irinsa ba. Yara sun ɗauke shi a waya, na duba na ga kamar ɗan akuya mai zawo. So nake ka zo ka ɗauke shi yadda yake."

Maitama ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Shi da ya riƙe wa 'yan fim fitila a Kaduna, yau rago? Amma suruki ne, bakinsa ya yi nauyi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Kawu. In sha Allahu."

A gida Hansai ta yi dariya har ta dafa bango. "Ka dai ce masa ya kalli can nesa."

Ranar da aka sa, ya ɗaure kayan aikinsa a bayan babur ya kama hanyar Kafur. A ransa ya ce tunda dai ya zo, ba zai yi aikin kunya ba. Da aka kwanto Janar daga turke, Maitama ya yi tsaye baki buɗe. Fari ne tas, ƙirji kamar na ɗan dambe, ƙaho ya murɗe ya sake murɗewa, yana tafe yana taƙama kamar shi ya gina gidan.

Maitama ya rataya shuɗin labulen da yake sa wa mutane a baya. Kafin ya gama saita kyamara, Janar ya kama gefen labulen ya fara tauna. Aka ƙwace da ƙyar. Ya kunna fitila, ragon ya ja da baya ya sunkuyar da kai, Alhaji Shitu ya ce, "Kashe, kashe! In ya yi haka tunkuyi ne." Maitama ya kashe da sauri ya ɓoye fitilar a bayan rumbu.

Sai ya zauna a kan turmi yana kallon ragon kawai, har la'asar ta yi sanyi. Ya lura in an kaɗa harawa daga sama, Janar yakan ɗaga kai ya buɗe ƙirji ya tsaya cak. Ya kuma lura da wata tsohuwar katangar jar ƙasa a bayan gidan, rana na dukanta a karkace, ga masara ta fara tasowa kore shar a gefe. Ya sa aka kai ragon can. Alhaji Shitu da kansa ya hau kan turmi yana kaɗa harawa, shi kuwa Maitama ya kwanta rub da ciki a ƙasa mai danshi, da sabuwar shaddarsa, ya ɗauko ragon daga ƙasa.

Da Alhaji ya ga hoton, ya duba ya sake dubawa. Daga baya ya ce, "Wallahi har na ji kunyar ɗaure shi da igiya."

Kafin mako ya zagayo an sayi Janar, hoton kuma ya shiga duniya. Daga wannan waya zuwa waccan, har wasu suka mai da shi hoton fuskar wayarsu. Wayar Maitama ta fara ruri ba dare ba rana. Daga Malumfashi, daga Bakori, daga Ɗandume, kowa da ragonsa. Wani ma bijimi ne da shi. Ya je, don aiki ba a ƙinsa, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne sunan da ya bi shi. In ya ratsa tasha, 'yan kamasho sai su ɗaga murya: "Maitama mai hoton raguna!" Wani ya ƙara da, "Mbeee!" Shi kuwa ya ƙara wa babur wuta kamar bai ji ba.

Bayan Sallah da kamar wata guda, wani mai murya a shaƙe ya kira shi ya ce shi ne Mus'ab, manajan Zainulabidin Mahuta. Maitama ya miƙe tsaye da wayar a kunne. Zainu Mahuta! Mawaƙin da ba a bikin aure daga Funtua har Kano ba a sa waƙarsa ba. Manajan ya ce za su fitar da sabon kundin waƙoƙi, kuma mawaƙin ya ce Maitama yake so ya ɗauki hoton bangon.

Maitama ya sake wa shago fenti. Ya aro kujera mai hannun zinariya wurin masu kayan biki, ya sayo sabon labule, ya hana manoma zama a benci don kada su ɓata. Hansai ta goge masa kaya, wannan karon ba tsokana, don ta ga abin ya kai masa har zuci.

Ranar, wajen azahar, wata baƙar mota mai duhun gilashi ta tsaya a ƙofar shagon. A bayanta akwai akori-kura. A bayan akori-kurar, tsaye, yana kallon jama'ar tasha ɗaya bayan ɗaya, Janar ne.

Zainu ya fito cikin farar shadda da baƙin tabarau, ya kama hannun Maitama da hannu biyu. "Malam Maitama! Ni na sayi ragon nan. Na kai shi gida, yara suka ce in an yanka shi su ma a haɗa da su. Dole na sayo wani na yi layya. Ka ga hoton nan da ka yi masa? Na je Legas an ɗauke ni, na je Abuja an ɗauke ni, ba wanda ya fito da ni da kwarjini irin na ragon nan. Yadda ka yi masa nake so ka yi mini. A wurin da ka yi masa. Kuma tare da shi."

Maitama ya waiga ya kalli sabon fentinsa da kujerar aro. Ya ce, "Ba damuwa, ranka ya daɗe."

Suka ɗunguma zuwa Kafur. Alhaji Shitu ya ga ragonsa ya dawo a raye, har da ƙiba, ya rasa wa zai fara gaisarwa tsakaninsa da mawaƙin. Kafin a kai ga katangar, rabin unguwa ta hau kan katangun maƙwabta.

Janar bai ba da wahala ba. Yana ganin Alhaji ya hau turmi da harawa, ya ɗaga kai ya buɗe ƙirji kamar wanda ya yi shekaru a harkar. Matsalar Zainu ce. Da an ɗaga kyamara sai ya sandare. Ya dafe haɓa da hannu don agogo ya fito, ya turo baki, ya ɗaga gira. Mus'ab yana gefe yana ta ba da umarni: "Oga, agogon! Oga, takalmin bai fito ba!" Maitama ya ɗauka ya duba, ya sake ɗauka ya duba. A kowane hoto ragon ne tauraro, mawaƙin kuwa kamar wanda aka ɗauko haya ya riƙe igiya.

Rana tana ta sauka, hasken da yake so ya kusa wucewa. Wannan ce ranar da Maitama ya daɗe yana jira, ga ta tana neman zamewa. Ya sauke kyamara ya ce a ɗan huta, ko dabara za ta zo masa.

Suna tsaye, sai Janar ya fara ɗingisa ƙafar baya. Kafin Alhaji Shitu ya sauko daga turmi, Zainu ya cire tabarau ya miƙa wa manaja, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna. Ya yi wa ragon wani ɗan sauti da harshe, ragon ya tsaya. Ya ɗaga kofaton ya duba, ya zare wata ƙaya da farce.

"A'a," in ji Alhaji Shitu. "Ashe ɗan gida ne."

"Alhaji, ai da kiwo na tashi," in ji Zainu, yana shafa wuyan ragon. "Tumakin Inna ni nake kai su bakin fadama a Mahuta. Waƙar ma a can na fara ta. Su ne masu saurarona na farko, kuma ba su taɓa cewa in sake ba."

Jama'ar kan katanga suka kwashe da dariya, shi ma ya yi, kansa a jingine da ƙahon Janar, gefen farar shaddarsa cikin jar ƙasa. Bai san Maitama ya riga ya kwanta rub da ciki ba. Sai ƙarar kyamara ya ji.

Mus'ab ya leƙa hoton ya girgiza kai. "Ina! Oga ba ya tsugunawa a hoto. Ga ƙasa a riga, agogo bai fito ba, tabarau yana hannuna."

Zainu ya karɓi kyamarar ya ƙura wa hoton ido. Da ya ɗago, muryarsa ta ɗan canza. "Wannan Inna za ta gane ni. Shi za a sa."

Da kundin ya fito, hoton ya bazu har bayan motocin haya da shagunan aski, da sunan Maitama a ƙasa da ƙananan haruffa, waɗanda ya nuna wa duk wanda ya tsaya kusa da shi. Aiki ya buɗe. Wata mai ɗinki a Malumfashi, Hajiya Yasmin, ta kira shi ya ɗauki sababbin ɗinkunanta a gonar auduga. 'Yan fim biyu suka zo takanas daga Kano. Masu raguna ma ba su daina kira ba, shi ma bai daina zuwa ba, sai dai yanzu in waya ta shigo yakan fara tambaya cikin ladabi, "Mutum ne ko dabba?" don ya san kayan da zai ɗauka.

Wata Juma'a da yamma ya dawo gida ya tarar da Hansai zaune a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunne, ta sha sabuwar atamfa, ta yi ɗauri mai hawa biyu, ga lalle a hannu.

"Maman Ummi, unguwa za a je?"

"Ba inda za ni. Layi na shiga. Rago ya samu, mawaƙi ya samu, har bijimin mutanen Bakori ya samu. Ni tun hoton aurenmu, wanda ma ba kai ka ɗauka ba."

Maitama ya lalubi jakarsa ya fiddo kyamara. Ya zagaya ta dama, ya zagaya ta hagu, ya kawar da bokiti da tabarmar da ke bayanta. Ita kuwa ta haɗe rai ta miƙe wuya, wai ita ga mai hoto.

"Saki fuskar mana."

"Ba zan saki ba. Haka manyan mata suke yi."

"To shi ke nan. Dama tuwon jiya ya yi gishiri, ban dai faɗa ba ne."

"Tuwon wa?" Ta zaburo, ido waje, hannu a ƙugu, dariya na neman ƙwace mata. "Tuwo ake sa wa gishiri ko miya?"

Ya danna. Ta jefe shi da mafici, ya kauce, ya sake dannawa.