Ƙugun Wandon Zadok

Shekara ashirin Ɗantani yana gyaran wandunan gwanjo a kasuwar Jimeta, shekara ashirin kuma kekensa yana tsallake ɗinki ɗaya cikin bakwai. In mai kaya ya yi ƙorafi, sai ya ce ai salo ne.

Ranar Talata da hantsi maƙwabcinsa ya fasa sabuwar dila, ɗaure tamau yadda ta sauko daga jirgi, ya jefo masa masu mataccen zif. Na uku tsohon jins ne mai roba a jiki, irin wanda ke miƙewa ya koma. Ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihu, ɗinki biyu na zare ruwan goro. Ɗantani ya juya ƙafar wandon. Kalmasa da koren zare: shida a jere, ɗaya babu.

Ya tuna ranar. Zaren ruwan goro ya ƙare masa, dole ya sa kore, ga Malam Zadok, malamin firamare na Nassarawo, tsaye a kansa yana saurin kama motar Mubi don ya ɗauko ƙanwarsa. Kwana biyu bayan nan Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga. Shekara goma ke nan ba gawa ba labari, matarsa Keturah kuwa ta hana coci yi masa addu'ar mamaci.

Yadi mai roba da an wanke yakan manta jikin mai shi. Wannan kuwa gwiwarsa ta hagu har yanzu a kumbure take, ta wajen da Zadok ke ɗingishi. Cikinsa kuma da ɗumi.

Ya aika aka kira Keturah.

"Maman Debbie, zauna tukuna."

"Baba tela, in siket ɗina ka sake ɓatawa, faɗa mini a tsaye."

Ya miƙa mata. Ta shinshina, ta auna ƙugun da tafin hannu, ta sake aunawa.

"Nasa ne. Amma ƙugun ya fi na da. Wa ya ƙara?"

A baya, ƙarƙashin maɗaukin bel, an farke an cusa ƙyallen atamfa mai zanen kifi. Shida a jere, ɗaya babu. Ɗantani ya waiwaya a hankali ya dubi labulen shagonsa, wanda bai rataya ba sai bayan Sallar bana. Kifaye. A gefen ƙasa an yanke daidai faɗin ƙyallen.

"Wallahi ni ban..."

"Ya yi ƙiba," in ji Keturah. "Ashe yana samun abinci." Ta ninke wandon ta sa a jaka. "In ya sake kawo gyara, ka ce masa Debbie ta gama sakandare."

Bayan ta tafi ya ɗauko sukudireba, yau dai zai gyara keken nan. Ya daɗe riƙe da ita, sannan ya mayar cikin gwangwani. In aka canja salo, ta yaya mutumin zai gane shagon?