Albasar Inna

Tabawa ta gama kirɓa albasar, tana matse ruwanta cikin cokali, sai ɗanta Alu ya ji warin ya tashi zaune a rumfa.

"Inna, wannan fa?"

"Tun safe nake ganin kana mutsu-mutsu da kai. Kwanta in ɗiga ma."

Ƙaiƙayi kam kunnen yana yi, kamar tururuwa ta shiga. Makonni ke nan da aka yi wa Alu aiki a kunnen hagu a Sakkwato, aka liƙe dodon kunnen da ya huje. Jiya ya koma aka cire audugar ciki. Likita ya ce ƙaiƙayi alamar warkewa ce, amma ko ɗigon ruwa kada ya shiga, in ba haka ba aikin ya lalace, jin kuma ya tafi ke nan.

To, je ka faɗa wa 'yar Aliero haka. A garin nan albasa ce abinci, ita ce sana'a, ita ce magani. Tun Alu na yaro kunnen ke zubar da ruwa, tun lokacin kuma Tabawa ke ɗiga masa. Da ya girma ya fara jan keke mai ƙafa uku tsakanin Jega da Aliero, ba kemis ɗin da bai shiga ba. Kowa ya miƙo masa maganin ɗigawa, ba wanda ya taɓa leƙa kunnen. A wani ƙaramin asibiti ma dariya aka yi masa, wai ƙato da shi ya tare layi saboda kunne. Abokan tasha kuwa suka sa masa suna Mai Auduga, don kullum kunnen toshe yake da ita.

Ranar wata kasuwar Jega motar shanu ta taho ta hagunsa tana ta hon, bai ji ba. Saura ƙiris. Shugaban tasha ya karɓe makulli, ya ce sai kunne ya gyaru. Cikin fasinjojin ranar akwai Sista Mabel, mai aikin jinya a Maiyama. Ita ba ta zage shi ba. Ta haska kunnen da fitilar wayarta, ta ɓata fuska, ta ce, "Wannan ya wuce kemis, ɗan'uwa. Sakkwato za ka." Haka aka yi.

Yanzu ga cokali a hannun uwarsa, shi kuma bai taɓa ce mata a'a ba.

"Inna, ki yi haƙuri. Likita ya hana."

"Likitan nan ya san lokacin da nake goya ka kana kuka da kunnen ga?"

"Bai sani ba. Amma in ruwan nan ya shiga, ni da keke har abada."

Ta dube shi ta daɗe. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya ga idonta ya kawo ruwa. Ta juya ta nufi murhu da cokalinta. Shi kuma kunya ta hana shi kallonta, ya kwanta ta dama ya danne lafiyayyen kunnen da matashi. Haka ya saba yi in yana son duniya ta yi shiru, kowa a gidan ya san in ya kwanta haka ko ganga aka buga bai sani ba.

Shi ya sa Tabawa ta yi maganarta a fili, tana gyara itace.

"Ashe ni na kashe mashi kunne. Shekara da shekaru ina zuba mashi ciwo da hannuna."

Muryar ta zo masa can ƙasa-ƙasa, kamar daga bayan katanga. Amma ta zo.

"Ba ke ba ce, Inna," ya ce, bai ko ɗaga kai ba. "Duk garin nan ke kaɗai kika yarda yana min ciwo."

Itacen ya tsaya a hannunta. Ta waiwayo, ta ga kunnen dama na nan danne cikin matashi.

"Alu. Da wanne ka ji ni?"

Ya ɗaga yatsa ya nuna na hagu.

Tabawa ta yi hamdala a hankali, ta share ido da bakin zane. Ta ɗauki kirɓaɓɓiyar albasar, har da ruwan cokalin, ta juye cikin man da ke kan wuta. Alu bai motsa ba. Yana nan kwance yana sauraron yadda take soyuwa.