Hagu, In Ji Alhaji

"Ba zan kashe ba, Gwaggo," in ji Shatu, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ke! Alhaji ne fa ya ce a shigo." Gwaggo Indabo ta fizgi gefen mayafinta. "Kashe tsiyar nan ki tashi."

Tsiyar da ake nufi wani ɗan akwatin roba ne mai ruwan toka, bai fi tafin hannu ba. Ƙananan bulo ke saukowa a fuskarsa ɗaya bayan ɗaya, kana juya su kana jerawa. Layin da ya cika sai ya ɓace, wanda ka bar wa rami kuwa ya zauna maka a wuya. Babanta ne ya kawo mata shi daga Lome tana 'yar firamare, lokacin yana jan babbar mota, har yaran Zongon Wagadugu suka riƙa ba ta gyaɗa don ta bari su taɓa. Madannin tsayarwa ya mutu tun ranar da abin ya faɗa randa. Saboda haka in an fara, ko dai a ci gaba ko a mutu.

Neman aiki ya kawo su. Alhaji Ɗantsoho, Bakano mai sayar da atamfa, ya sayi ordinatar, wato kwamfuta, ya rasa mai danna masa. Gwaggo Indabo, da ke yi wa iyalinsa kitso, ita ta roƙar wa 'yar ƙanenta wurin. Jiya sun zo aka ce yana kasuwar Sankaryaaré. Yau tun hantsi suke kan benci a ƙofar ofishinsa, suna jin dariyarsa daga ciki. Aka shiga da shayi, aka shiga da gasasshiyar kaza, aka fito da ƙasusuwa. Azahar ta wuce.

Shatu ta zo da diplom ɗinta na sakatariya cikin ambulan, da takalmin aro mai tsini, da jawabin Faransanci da ta haddace a gaban madubi. Ita ce fa wadda ke gyara wa malamai kuskure a aji. Amma da ranta ya fara ɓaci, ba diplom ta lalubo a jaka ba, wasan yara ta lalubo. Ga shi kuma yau, a kan bencin wulaƙanci, hannunta ya kama irin kamun da bai sake yi ba tun tana yarinya. Bulo na zubowa kamar ruwan Agusta, tana tare su. Ta gina gini mai kyau, ta bar siririn rami a dama, tana jiran doguwar sandar nan da ke share layi huɗu lokaci guda.

Ƙofa ta buɗe, Alhaji da kansa ya leƙo yana sakace.

"Wace ce mai diplom ɗin?"

"Ga ta nan, ranka ya daɗe," in ji Gwaggo, ta durƙusa. "Kunya ce ta riƙe ta. 'Yar tamu akwai kunya."

Akwatin ya yi tit-tit-tit.

"Ashe kunyar har kiɗa take yi."

"Ina wuni, Alhaji," in ji Shatu, yatsunta na aiki. "Ɗan lokaci kaɗan, pardon."

"Ni ake ce wa ɗan lokaci?"

"Mu ma tun hantsi muke nan."

Gwaggo ta dafe ƙirji. Shatu ta so ƙwarai ta yarda cewa mutuncinta take karewa. Amma ta san kanta: sandar take jira.

Alhaji bai koma ciki ba. Ya matso, ya sunkuyo ta saman kafaɗarta, ƙamshin turare da na yaji suka rufe ta.

"Kai! Har yanzu akwai irin wannan? Da shi nake cinye hanyar Kano zuwa Wagadugu." Ya ƙura wa akwatin ido. "To, ga bulo mai ƙugiya nan. Kai shi hagu."

"Hagu zai toshe, Alhaji."

"Hagu na ce, yarinya!"

"Kai shi hagun mana, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Ko me ne ne, kai shi hagu."

Babban yatsan Shatu ya ɗan tsaya a kan madannin. Aikin ga shi nan, a hagu. Ta juya mai ƙugiya, ta kwantar da shi tsakiya inda ya zauna daram. Sandar ta biyo baya, ta sauke ta a dama, layi huɗu suka ɓace da ɗan kiɗan nan na murna.

Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa.

"Ta iya," ya ce wa Gwaggo. "Wallahi ta iya. Amma ni mai jin magana nake nema. Ke ma ki huta da zuwa gidana, kada ki koya wa yarana irin wannan kunyar."

Ƙofa ta rufe. Shatu ta ɗaga kai a karo na farko, bulo suka taru har sama, wasan ya mutu.

A hanyar komawa Gwaggo na gaba, ba ta waiwayo ba sai kusa da masallaci.

"Duk bokon nan, a kan bulon ƙarya! Da na gini ne ma, da mun kwana a ciki."

Dariya ta kuɓuce wa Shatu, ta haɗiye sauran da ta ga idon gwaggonta ya yi ja. Ta tuɓe takalmin aron ta riƙe a hannu. Abin haushin, ko yanzu aka maido ta kan bencin, ba za ta kai shi hagu ba. Gobe wata ce za ta zauna gaban ordinatar ɗin, kuma Gwaggo Indabo ta rasa gidan da ya fi riƙe ta a duk Zongo.