Ranar da Aka Dawo wa Orville da Gishiri

Tun da aka binne Maxine, mijinta Orville Stroud bai sake ganin gishiri a gidansa ba. 'Yarsa Darlene ce ta kwashe shi, ta haɗa da man shanu da kwalin sigarin da ya ɓoye a bayan injin wanki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyin jinyar Maxine a gidan kula da tsofaffi, ita kuwa gwamnati ba ta da mantuwa, za ta fanshe abinta daga ɗan gidan nan nasu. Sai dai doka ta hana a taɓa gidan muddin mijin marigayiya yana numfashi. Shi ke nan, numfashin Orville ya zama kadarar iyali.

Ɗansa Duane, wanda a da sai Kirsimeti ake ganin ƙeyarsa, yanzu kullum yana nan da na'urar awon hawan jini.

"Baba, ajiye shebur ɗin nan! Wa ya sa ka kwasar ƙanƙara?"

"Kai, ni da ƙofar gidana?"

"Zuciyarka fa, Baba! So kake ka kashe mu?"

Orville yakan yi ta mita, amma a ransa daɗi yake ji. Ba yaro ba ne, ya san zancen gidan. Ya dai gaya wa kansa cewa ba yadda za a yi mace ta riƙa dafa wa ubanta alayyafo kullum saboda katako da bulo kawai.

Ana nan sai majalisar jiha ta soma muhawara a kan rage wa gwamnati wannan dogon hannu. Darlene ta manne da rediyo kamar mai jin ƙwallo. Ranar Alhamis aka zartar da dokar: ƙananan gidaje irin na Orville sun kuɓuta, ko yana raye ko ba ya raye.

Da yamma sai ga Darlene da bokitin soyayyiyar kaza, mai yana naso. Ta dire masa, ta ajiye gishirin da sigarin a gefe.

"Ci abinka, Baba. Wallahi ka sha wuya."

Duane ya naɗe na'urarsa, ya jingina shebur a bakin ƙofa. "An ce gobe ƙanƙara za ta zuba sosai. Motsa jiki yana da kyau ga tsoho."

"Da ƙarfe nawa za ku zo goben?" in ji Orville.

Suka dubi juna. "Za mu kira ka," in ji Darlene, tana laluben makullin mota.

Ya tsaya a taga har fitilun motar suka sha kwana. Ya ture kazar da ya daɗe yana mafarkin ci, ya buɗe firiji ya ɗauko ragowar alayyafon da Darlene ta dafa jiya, ya zauna yana ci a hankali, ba gishiri.