Saiti Mai Huda

Malam Ɗayyabu yana da sirrin da ya ɓoye wa kowa a unguwar Wangsa Maju ta ƙasar Malesiya, har matarsa Walida: idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu. Abin kuwa ya zo masa a mugun lokaci. Ana jibi za a kulle gari saboda korona, malamin da ke duba aikinsa na digirin dakta ya dawo masa da babi uku, gefen kowane shafi cike da gyara da fensir, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya ba shi zuwa ƙarshen Mayu. Sati biyar takardun suna kan tebur. Kullum sai ya ɗauka, ya miƙa hannu iya tsawonsa, ya ƙanƙance ido, ya ajiye ya ce yau kansa bai ɗauki karatu ba.

Maganar tabarau kuwa ba ta ma taso ba. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana ɗan sanda kafin ya koma koyarwa, ya cika wa ɗalibai 'yan Najeriya kunne da yadda ya zo na ɗaya a filin harbi, shi ne zai rataya gilashi a hanci? Ga shi ya daɗe yana kiran maƙwabcinsa Zulkiflu, ɗan Najeriya da bakinsa ya kama maganar 'yan Malesiya, "mai ido huɗu".

Maimakon gyara, sai ya duƙufa kallon bidiyon tsofaffin bindigogin sojan Ingila, yana tura wa Zulkiflu. Nan musu ya kaure. Duk bindigogin suna da ɗan tsinken ƙarfe a baki, saitin baya ne ya bambanta. Na wasu tsagi ne a tsakiyar bindiga, ka daidaita tsinken a cikinsa. Na wasu 'yar huda ce dab da ido, ka leƙa ta ciki.

"Mai tsagi shi ne saitin maza," in ji Ɗayyabu. A waya suke magana ta bidiyo, alhali bango ɗaya ne ya raba su. "Mai huda don irinku aka yi shi."

"Haba Oga, to me ya sa Turawan suka koma huda daga baya? It's more accurate lah."

"Ka taɓa riƙe bindiga?"

"Ban taɓa ba. Amma mu gwada mana. Boleh? Ka yarda?"

Bindiga dai a Malesiya ko a mafarki ka riƙe ta sai ka waiga. Don haka sandar mofar da Walida ke goge ɗaki ce ta shiga aikin soja. Ɗayyabu ya kafa mata ƙusa a baki, ya yanki murfin gwangwanin madara biyu, ɗaya ya tsaga, ɗaya ya huda, ya ɗaure musu wurin zama. A ƙarƙashi ya naɗe ɗan tocin lesa da yake nuna allo da shi a aji. Ya zana da'ira a takarda ya manna a ƙofar kicin. Tsarin mai sauƙi ne: mutum ya saita, Walida ta danna lesa, a ga inda jan ɗigo ya sauka. Aka jingine waya a kujera don Zulkiflu ya shaida.

Zulkiflu ya ce a fara gwada kayan aikin tukuna, kada a zo ana ƙorafi. Walida ta gyara mayafi, ta karɓi sandarta. Matar da ko danƙo ba ta taɓa harbawa ba, ta sami da'irar da mai tsagi, ta sake samu da mai huda, ta miƙa wa mijinta ta ce ya yi sauri, ba ta goge ɗaki ba.

Ɗayyabu ya kafa ƙafa irin ta 'yan sanda, ya ɗora kunci. Tsagin ya narke ya zama hazo, ƙusar ta zama biyu. Ya zaɓi ɗaya ya ce, "Danna."

Ɗigo ya sauka a jikin firji.

"Iska ce," in ji shi.

"Iska a falo, Oga? Ga fanka ma a kashe."

Na biyu ya sami makunnin wuta. Na uku Walida ce ta gano shi a kan buhun shinkafa. Zulkiflu ya yi dariya har hotonsa ya tsaya cik.

Aka sauya murfi. Ɗayyabu ya leƙa hudar yana ƙunƙuni, sai duniya ta dawo daidai. Ƙusa ɗaya tak, tas da ita. Sau uku Walida ta danna, sau uku ɗigo ya zauna a tsakiya. Zulkiflu na ihun ya ci musu, shi kuwa Ɗayyabu bai ma ji shi ba. Ya zare murfin, ya kara a ido, ya sunkuya kan takardun da ke tebur. Ga rubutun malaminsa nan ɗaya bayan ɗaya, har da waƙafi. Daɗi ya kama shi, kunya ta biyo baya, ta fi daɗin yawa.

Ya kashe wayar. Ya daɗe yana juya murfin a hannu.

"Walida," ya ce a hankali, "ina jin idon nan nawa ya ɗan…"

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta shiga ɗaki, ta fito da tabaran karatu a ledarsa.

"Tun Janairu na saya a kemis ɗin Taman Melati. Ranar da na ga kana karanta saƙo da waya a can bakin gwiwarka."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa za ka sa?"

Ta matso ta sa masa da kanta, ta gyara masa a kunne. Ya kalle ta kusa da kusa, abin da ya yi shekara biyu bai yi da kyau ba. Mayafin ya ɗan zame.

"Ashe kin fara furfura?"

"Na fara," in ji ta. "Na so in ga ranar da za ka lura."